Fatoman Baƙon Sama

A Agadas ta wancan zamani, in ana son a san nauyin fatoma, ba girman gidansa ake dubawa ba, akala ake dubawa. Fatoma shi ne mai saukar da ayari. In madugu ya iso bakin gari da raƙumansa, sai fatoma ya fita ya tarye shi da ƙwaryar ruwa. Madugu ya miƙa masa akalar raƙumin gaba, ya karɓi ƙwarya ya sha. Shi ke nan, an ƙulla. Daga ranar a zangonsa zai riƙa sauka, ta hannunsa zai sayar da gishirinsa, ɗansa ma in ya gaji ayarin, wurin ɗan fatoman zai sauka. Amma duk shekarar da madugu ya miƙa akala ga wani ya sha ruwansa, to ya koma can ke nan, ba a dawowa. Babu alƙalin da ya rubuta wannan, kuma babu wanda ya taɓa karya shi.

Alkasum ɗan Illiya ya gaji zangon da ya fi kowane kyau a gabas da gari. Fili ne shimfiɗaɗɗe kamar faifai, da aduwa bakwai masu inuwa, da rumfunan kaba, a tsakiya kuma rijiyar da ubansa ya yi rani uku yana haƙa da hannunsa. Ruwanta garɗi gare shi, ba ta taɓa ƙafewa ba. A zamanin Illiya madugai goma sha ɗaya ke miƙa akala a ƙofar nan. Sai Faransawa suka zo gyara ƙasa, suka kuwa gyara ta ƙwarai: raƙuman da ba su kwashe don ɗaukar kayan soja ba, yaƙi ya cinye, rabin mutanen gari suka gudu kudu, unguwanni suka zama kangaye. Cikin madugai goma sha ɗaya, ɗaya ya rage wa Alkasum, wani tsohon Ba'abzine, Madugu Alhassan, wanda yake dawowa daga Bilma kowane ɗari da gishiri da dabino. Shi kaɗai ke ciyar da gidan, shi da rijiyar da ke kawo shi.

Alkasum ba rago ba ne, ba kuma wawa ba. Ciwonsa ɗaya ne: yana son a ce shi ya fara ganewa.

Shekara biyar bayan yaƙin, Kumandan Faransawa ya tara manyan gari a ƙofar gidansa, ya tsaya a inuwa, su a rana, ya yi musu albishir ta bakin Shaibu mai fassara. Ya ce ƙasa tana girma. Mutane suka waiga suka dubi kangayen da ke bayansu, suka ce, “Madalla.” Ya ce zamanin raƙumi ya wuce, akwai wani jirgi mai tashi sama, abiyon sunansa, tafiyar wata biyu yini ɗaya yake yin ta. Nan gaba kaɗan za su riƙa ratsa sararin Agadas daga arewa zuwa Damagaram, hamsin-hamsin, shaƙe da kaya. Abin da ake bukata kawai fili ne mai laushi wanda za su sauka. Wanda ya ba da fili, ƙofar arziki ce ya buɗe wa kansa da jikokinsa.

Aka fara tambayar Yahaya, wanda shi ma fatoma ne, amma na suna. Zangonsa yana arewa da na Alkasum, duk duwatsu, rijiyarsa mai zurfin tsiya da ɗan ɗaci-ɗaci, rabonsa da akala tun kafin yaƙin. Yahaya ya sunkuyar da kai ya ce shi da ya so, amma filinsa ko akuya sai ta lallaɓa take ratsa shi. Ranar ce ya fara gode wa Allah a kan duwatsun nan.

Da aka watse, Shaibu ya ja Alkasum gefe.

“Fatoma, kai nike tausayi. Kana zaune bisa zinariya kana jiran tsoho ɗaya da raƙumansa masu ƙuraje.”

“To, Malam Shaibu, abin nan da kuke faɗi, sauka yake yi?”

“Yana sauka mana.”

“Da mutane a ciki?”

“Nasaru, manya-manya.”

Alkasum ya shafa gemu, sannan ya yi tambayar da ta fi damunsa: “Yana da akala?”

Shaibu bai taɓa ganin abiyon ba, ko a takarda sau ɗaya ya gani. Amma mai fassara ba ya cewa bai sani ba. Ya ce, “Akwai igiyar da ake ɗaure shi da ita don iska.”

Wannan ta ishi Alkasum. A hanyarsa ta gida ya warware zancen duka shi kaɗai, har yana mamakin kaifin kansa. Duk abin da ke tafiya, sai ya sauka. Duk abin da ya sauka, baƙo ne. Baƙo kuwa ba shi da makawa sai da fatoma. Wanda ya fara riƙe akalar baƙon sama, shi ne fatoman sama har abada, hamsin-hamsin ɗin nan duka a hannunsa za su sauke kaya. Ko sau ɗaya bai zo masa a rai ba cewa akwai mutane a duniya waɗanda ba su san hukuncin akala ba.

Washegari ya je wurin Kumandan ya ba da filin zangonsa, aka sa ranar aiki. Aka sare aduwa bakwai, aka tone saiwoyinsu. Aka rushe rumfuna, aka kwashe komayen da raƙuma ke shan ruwa. Aka tattaro mutanen unguwa uku suna tsince tsakuwa, ba don suna so ba, suna tsinta suna sa wa Alkasum albarka a ƙasan maƙoshi. Shi kuwa yana zagayawa da hannu a baya, yana ba da umarni a kan aikin da ba wanda ya sa shi.

Rana ta goma Kumandan ya zo dubawa. Ya taka filin daga wannan kai zuwa wancan yana ƙirga taku, ya zo tsakiya ya tsaya cak a bakin rijiya. Ya leƙa, ya yi magana gajeriya.

Shaibu ya ce, “Ya ce rami a tsakiyar fili bai yiwuwa. Abiyon da gudu yake sauka. Sai an cike ta.”

“Rijiyar?”

“Ita. Amma ya ce ba dole. In ba ka so, akwai wani fili can yamma, hanyar Ingal, su koma can.”

Ka ji adalcin Nasara. Ya sare maka itatuwa, ya rushe maka rumfuna, sannan ya ce ba dole. Gaskiyar magana dai, da Alkasum ya ce a'a a ranar, da ya tsira da abin da ya fi muhimmanci, domin aduwa tana sake tsirowa, rumfa aikin yini biyu ce. Amma da ya tuna wani zai riƙe akalar nan a hanyar Ingal, sai ya kasa cewa a'a. Ya ce a ba shi zuwa gobe.

A gida yayarsa Baturiya tana jiransa, labari ya riga shi. Baturiya gwauruwa ce, ta girme shi da shekara tara, farar mace mai kaifin harshe, ita ce ta riƙa kai wa ubansu fura a bakin rami lokacin da yake haƙa.

“Kasum, mi nike ji?”

“Yaya, ba za ki gane ba. Zamani ne ya juya.”

“Zamani ya juya har raƙumi ya bar shan ruwa?”

“Raƙumi ya ƙare, Yaya. Kumandan da bakinsa ya faɗi.”

“Kumandan ne ke kawo maka gishiri? Ni na ga Baba ya fito daga ramin nan tafin hannunsa duk jini. Ranar da ruwa ya ɓullo, kuka ya yi, kana goye a bayan Inna ba ka san komi ba. Yau kai za ka saki reshe ka kama ganye, don wani tsuntsun da ko kashinsa ba ka taɓa gani ba? Madugu Alhassan in ya zo, mi za ka zuba mishi a ƙwarya? Albishir?”

“Ruwan ƙwarya ɗaya ai ba ya gagara.”

“Na raƙumi sittin fa?”

Ya kau da kai. Ta dube shi ta ce, “Wanda bai ji bari ba, ya ji hoho.” Ta tashi ta tafi bakin rijiya, ta kwance gugan ubansu da igiyarsa, ta naɗe, ta kai ɗakinta ta rataye.

Washegari aka fara cike rijiyar. Alkasum ne ya jefa dutsen farko, don a ga shi mai zuciya ne. Dutsen ya daɗe yana tafiya kafin ruwa ya amsa, amsar kuwa ta shiga cikinsa ta zauna. A nan ya ji tsoro, tsoro na gaske. Amma mutane na kallo, Shaibu na murmushi, sai ya gyara rawani ya ce a ci gaba. Kwana huɗu ana zuba duwatsu da ƙasa. Da aka daddale wurin, aka zana babbar da'ira da farar ƙasa a kansa, don baƙon sama ya hango inda zai sauka.

Kumandan bai yi rowa ba. Ya ba shi takarda mai hatimi, Shaibu ya ce a ciki an naɗa shi mai kula da filin. Aikin sarautar shi ne ya kori awaki, ya tsince duk tsakuwar da iska ta tono, ya sabunta farar ƙasa, ranar zuwan baƙo kuma ya hura wuta mai hayaƙi don a ga inda iska ta dosa. Alkasum ya sa aka ɗinka wa takardar kube na jar fata, ya rataya a wuya.

Sai jira. Wata ɗaya, wata biyu, wata biyar. Abin da ya fara isowa filin sama shi ne raƙuma ashirin daga kudu, ɗauke da gwangwanayen esansi, abin shan abiyon. Kwana arba'in suka yi a hanya. Baturiya ta tsaya a ƙofar gida tana kallo ta ce, “Ashe magajin raƙumi sai raƙumi ya kai mishi abinci.” Ruwan shan gidan kuwa yanzu daga rijiyar masallacin unguwa ake ɗebo shi, tulu-tulu, ana bin layi da matan da a da suke roƙon a bar su su ɗiba a ta Illiya.

Da ɗari ya shiga, wata safiya aka hango ayarin Bilma. Alkasum ya sa riga, ya cika ƙwarya, ya fita tarya kamar kullum. Amma raƙuman ba su jira gaisuwa ba. Kwana uku rabonsu da ruwa, kuma shekara da shekaru sun san hanya. Suka zarce kai tsaye tsakiyar fili, suka kewaye farar da'irar nan, suna shinshina ƙasa, suna kuka. Wani tsohon amale ya durƙusa daidai inda komi yake a da, ya ƙi tashi. Sojoji biyu suka fito da bulala suna kora, wai ana ɓata filin gwamnati.

Madugu Alhassan ya sauko a hankali. Ya dubi inda aduwa take, ya dubi inda rumfuna suke, ya dubi farar ƙasa. Akala tana hannunsa.

“Ɗan Illiya, ina rijiyar Illiya?”

Alkasum ya fara bayani, bayani mai tsawo, da hamsin-hamsin a ciki, da tafiyar wata biyu a yini ɗaya. Ya ce shi ma Madugu zai ci moriya, watakila nan gaba gishirinsa ta sama za a kai Kano. Yana magana yana miƙa ƙwarya. Tsohon ya saurara har ƙarshe, don mutum ne mai ladabi.

“Na ji. Shekara talatin da ɗaya ina shan ruwan gidanku. Ni zan iya sha in ƙoshi da wannan ƙwaryar. Su fa?” Ya nuna raƙuman da haɓa.

A bayansu wani ya yi gyaran murya. Yahaya ne, da tsohuwar rigarsa, da ƙwarya a hannu. Tsayuwa kawai ya yi, rijiyarsa mai ɗaci tana can bayansa cike da ruwa. Madugu ya dubi raƙumansa. Sannan ya taka, ya wuce Alkasum, ya sa akala a hannun Yahaya, ya karɓi ƙwarya ya sha. Ya yamutsa fuska don ɗacin, amma ya shanye.

Alkasum ya koma gida da ƙwaryarsa a cike. Ya ce wa Baturiya ba komai, raƙumi sittin ne, shi hamsin na sama yake jira, kowane ɗaya ya fi ayari. Ta ce, “Allah ya kawo su.” Ba ta ƙara ba, wannan kuwa ya fi masa zafi a kan faɗa.

Kwana tara bayan haka, da hantsi, Shaibu ya zo a guje: yau ne. Gari ya fito kaf. Alkasum ya sa rigar ubansa ta saƙi, ya rataya takarda, ya hura wuta, ya sa aka cika masa ƙwarya. Can aka ji ruri daga arewa, sai ga wani abu ya ɓullo, ya yi kewaye biyu, ya sauko yana tsalle-tsalle, ya gangara ya tsaya da ƙafafunsa daidai kan farar da'ira. Guda ɗaya ne. Mutane suka ci gaba da kallon sama suna jiran sauran arba'in da tara, har wuya ya gaji.

Alkasum bai jira ba. Ya tattare riga ya ruga, ya kewaye jirgin yana neman akala. Ya duba gaba, babu. Ya duba baya, babu. Can ƙarƙashin fiffike ya ga wata ƴar igiya tana reto, ya cafke ta da hannu biyu, ya juyo ya dubi jama'a don kowa ya shaida. Nasaru biyu suka diro, fuskokinsu baƙi ƙirin da mai, ba wanda ya dube shi. Kayan ayarin sama kuwa aka sauke shi gaba ɗaya: jakar wasiƙu guda, wadda ko jaki zai raina.

Jirgin yana huci, tururi na fita daga hancinsa. Babban cikin Nasarun ya dafa wurin, ya janye hannu da sauri, ya fara ihu: “Dilo! Dilo!”

Shaibu ya ce, “Ruwa yake so.”

Zuciyar Alkasum ta yi fari tas. Ashe sun san hukunci! Ya saki igiya, ya ɗauko ƙwarya, ya durƙusa ya miƙa da hannu biyu. Banasaren ya fizge ta, ya hau kan jirgin, ya kwance wani murfi, ya juye ruwan a ciki. Abin ya yi cuu, ya shanye. Ya jefo ƙwaryar ƙasa yana ƙara ihu.

Shaibu ya fassara: “Ya ce wannan wasa ne. Cikin abiyon ya yi zafi, ruwansa ya tsiyaye a hanya. Tulu shida yake so, maza, suna son su kai Damagaram kafin rana ta faɗi. Ya ce wane irin fili ne wannan da babu rijiya?”

Kumandan ya juyo ya dubi Alkasum, ya yi magana, Shaibu ya fassara.

“Ya ce kai ne mai fili. Baƙonka ne.”

Ba wanda ya yi dariya, da ma sun yi, da ya fi sauƙi. Rijiyar masallaci tana can cikin gari, da nisa. Wadda ke kusa guda ɗaya ce, kowa kuma ya san ta wane ne.

Baturiya ta ratso taron. Ashe tun da ta ji ihun ta koma gida. Ta aje masa tulu a gabansa, ta ɗora gugan ubansu a kai, da igiyarsa a naɗe.

“Ungo. Ka roƙi ruwa, kada ka roƙi guga.”

Ya ɗauka ya nufi zangon Yahaya, da rigar saƙi, da takarda a wuya. Can ya tarar da wurin ya cika: kantun gishiri a jere, buhunan dabino, dillalan da ya sani tun yana yaro suna ciniki a kan duwatsu. Da suka gan shi, kowa ya sami abin dubawa a ƙasa. A bakin rijiya Madugu Alhassan yana shayar da raƙuma.

Tsohon ya dubi gugan kafin ya dubi mai shi. Ya karɓa, ya juya shi, ya shafa wani faci a gindinsa da babban yatsa.

“Ni na yi wannan facin, shekarar da aka yi maka kaciya.”

Ya zura shi. Igiyar Illiya ba ta kai ruwa ba, don rijiyar Yahaya ta fi zurfi, sai da aka ƙara da wata. Da gugan ya fito, Madugu bai zuba a tulu ba. Ya ɗauki ƙwarya ya cika, ya miƙa wa Yahaya, Yahaya ya miƙo wa Alkasum da hannu biyu, yadda ake yi wa wanda ya zo daga nesa.

“Sha tukuna, ɗan Illiya,” in ji Madugu. “Ka sha rana.”

Ya san abin da ake nufi da shan ruwan nan, duk wanda ke wurin ya sani: fatoma ya koma baƙo a zangon wani. Maƙoshinsa kuma a bushe yake. Ya sha. Da ɗaci.

Sau shida ya yi sawu, tulu a ka, ba wanda ya taya shi, shi ma bai nema ba. A tulu na shida cikin jirgin ya cika, ruwa ya yi ambaliya ya zubo ƙasa tsakanin ƙafafunsa, kan farar ƙasa, ƙasar ta shanye nan take. Aka juye esansi, aka murza abin da ke gabansa, ya yi ruri, ya gangara, ya tashi da ƴar igiyarsa tana reto. Duk zamansa bai kai daga hantsi zuwa azahar ba.

Kumandan ya ji daɗi ƙwarai. Ya dafa kafaɗar Alkasum, ya ce ta bakin Shaibu an yi aiki mai kyau, watakila wani ya sake zuwa baɗi in an sami hali, kada dai a bar tsakuwa ta taru. Ya ƙara da cewa zai rubuta wa manya a duba yiwuwar haƙa rijiya kusa da filin, don ya lura ana bukatarta.

Jama'a suka watse. Alkasum ya rage shi kaɗai a tsakiyar da'ira, yana kallon ɗan wurin da ya jiƙe yana bushewa daga gefe-gefe. Baturiya ta zo ta tsaya kusa da shi. Ya jira ta faɗi abin da ta daɗe tana tanadi, ya ma fi son ta faɗa. Ba ta faɗa ba. Ta sunkuya ta ɗauki gugan ubansu, ta girgiza sauran ɗigon da ke ciki a kan wurin, ta fara naɗe igiya.

“Taso mu tafi, Kasum,” in ji ta. “Randa ba ruwa, kuma in an yi la'asar layi yana tsawo.”